Fadar da ba ta da zaure

Jiya Asabar bayan Magariba, wani yaro da bai kai sa'an ɗana na biyu ba ya tsayar da ni a ƙofar otal ɗin nan da ake yi wa kirari da fada, a nan Birnin Kebbi, ya buɗe kular tuwona yana leƙe kamar mai neman bam a cikin miyar kuka. Ba zan kama sunan otal ɗin ba. Duk ɗan unguwarmu ya san shi, tunda da hayaƙin janaretonsa muke kwana.

Ba roƙo ya kai ni ba. Abokina ne tun na makarantar horon malamai ya zo ɗaurin aure daga Abuja, aka sauke shi a can, ya ce mini ya gaji da abincin cokali, tuwon shinkafa yake marmari da kifin Yawuri. Maiɗakina ta wuni a gaban murhu, ni kuma na ɗaure kula a bayan babur na kama hanya.

Na yi sallama, bai amsa ba. Hannu ya ɗaga mini kamar ɗan sandan titi.

"Ina zuwa?"

Na ce, "Ɗana, baƙo gare ni a ciki."

"Ba a shiga da mashin."

Ban yi musu ba, gidan wani da dokarsa. Na ce ya nuna mini inda zan ajiye. Da leɓe ya nuna mini tsallaken titi, bakin kwata. Leɓe fa! Na tura babur na kai, na dawo a ƙasa rungume da kula.

"Mi ke cikin wanga abu?"

"Tuwo ne."

Ya zagaye kular da sandar nan tasa mai ƙara, ya cire murfi, ya tsaya yana kallo har tururi ya gama fita. Sannan ya ce ba a shiga da abincin waje. Muna cikin haka sai ga wata baƙar jif mai baƙin gilashi. Yaron da bakinsa ya yi nauyin amsa sallama sai ga shi ya ƙame, ya sara, har da rusunawa: "Ranka ya daɗe, barka da zuwa, yallaɓai!" Ko but bai ce a buɗe ba. Ashe a garin nan bam a babur kawai yake tafiya.

Da ya dawo kaina ya ce in kira baƙon nawa ya fito. Na zaro waya, a mace take, kwana uku ke nan ba mu ga wuta ba. Na ce to ya taimaka ya kira mini ɗakinsa ta wayar da ke kan teburinsu. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, a hankali, bai bar ko aljihu ba, ya ce: "Baba, wanga wuri ba na kowa da kowa ba ne."

Baba ya ce, wallahi. Ya haɗa girmamawa da mari a numfashi ɗaya. Shekara talatin ina riƙe da alli, mai yiwuwa ma ni na koya wa ubansa baƙi da wasali, yau ni ne "kowa da kowa".

To bari in ba shi tarihin wurin da yake gadi, tunda ba a haife shi ba lokacin. Gonar gero ce, da wata tsohuwar kuka a tsakiya inda makiyaya ke shan inuwa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 filaye suka yi daraja, aka kewaye ta da waya. Da aka tashi gini, a kan idonmu tifofi suka farfasa titin unguwa, suka karya kwalbati, har yau damina ba ta wucewa ruwa bai shiga gidajenmu ba. Da suka haƙa rijiyoyin burtsatse, rijiyoyinmu suka ja baya. Yanzu akwai tafkin ninkaya a bayan katangar, ga wani famfon ado a tsakar gida yana feshi sama dare da rana ba mai sha, mu kuwa muna tsere da maƙwabta wajen tare 'yan garuwa.

Ginin kansa abin dariya ne in ka natsu ka dube shi. Ginshiƙai farare kamar na kotun Turawa, daɓen marmara da ake cewa wai daga Italiya aka kawo, fitilu masu lilo, sai wata kubba da aka shafa wa ruwan zinare, wadda hunturu biyu suka isa su mayar da ita kalar ƙasa. An ga hoton otal ɗin Emirates Palace na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2005 da kubbobi 114, aka ce mu ma sai mun yi. Amma su can a bakin teku suka gina nasu, da kuɗin mai, a ƙasar da ba a ɗauke wuta. Mu nan an kafa bangon gilashi a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, sai ya zama tanderu, dole injin sanyaya ɗaki ya yi ta aiki, dole janareto ya yi ta ruri, dole mu shaƙa.

Wanda ke son ganin fada ya je Argungu ya shiga gidan tarihi na Kanta. Tun 1831 aka gina shi, sarakunan Kabi suka zauna a ciki har 1942. Magina na da sun san rana, sun san kaurin bango da ke hana ta shiga. Kuma kowace fada a ƙasar Hausa da zaure take farawa, inda talaka zai yi sallama a amsa, a ba shi wurin zama ko da buƙatarsa ba za ta biya ba. Wannan fadar kuwa da shingen ƙarfe ta fara.

Ni ma na san yaron nan ba shi ya kar zomon ba. Albashinsa na wata da wuya ya biya kwana ɗaya a ɗakin da yake tsaro. Waɗanda nake nema su ne masu sa hannu a takardar izinin gini ba su tambayi ina ruwan unguwa zai bi ba. Su ne kuma za ka gani suna cika zauren taron otal ɗin, an rataya ƙyalle an rubuta taron bita kan yaƙi da talauci, a ci kaza a raba alawus a watse, talaucin na tsaye a bakin get an hana shi shiga da mashin. Tun 1968 aka kammala madatsar Kainji, aka tashi ƙauyukan ƙasar Yawuri daga bakin kogi domin Najeriya ta sami lantarki. Jikokinsu ga mu nan muna yawon neman inda za mu yi cajin waya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ƙaramin janareton gidana ya koma wurin kwanan kaji. Mu ma da namu laifin: duk amarya sai ta je ta tsaya a gaban wannan get ɗin an ɗauki hoto an ɗora a Facebook, a bayanta ga kwatar da ke kashe 'ya'yanmu da zazzaɓi, an yanke ta daga hoton.

Tuwon dai bai koma gida ba, don ba ni da idon da zan kalli maiɗakina. 'Yan kabu-kabun da ke jiran fasinja a tsallaken titi na kira, muka zauna a kan benci muka cinye a hasken fitilar otal. Yau da safe na kai waya shagon caji, tana kunnuwa saƙon abokina ya shigo: "Malam, ina tuwon? Har sha ɗaya na jira ka."