Nasiha ga Matasanmu Masu Rubutu a Kan Kimiyya

Ƙannena da ke karatun likitanci da sauran fannonin kimiyya a Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ina so in ja hankalinku a kan yadda kuke rubuta abin da kuka sani. Yawancinku da zarar an kammala bincike, babu abin da ke gabanku sai a buga shi da Turanci a mujallar masana, domin shi ake dubawa wajen ƙarin girma. Wannan ba laifi ba ne, kuma a can wajibi ne ka fayyace hanyar da ka bi, yawan mutanen da ka bincika da inda aikinka ya gaza, domin wani masanin ya iya maimaita shi ko ya ƙalubalance ka. Amma dattijon da aka ɗebi jininsa a Fagge ko Ɗorayi ba zai taɓa ganin mujallar nan ba, alhali shi ma yana da haƙƙi a kanku.

Rubuta masa ya fi wuya, domin garin sauƙaƙa magana sai a faɗa cikin kuskure. Ku dubi batun sikila, musamman tun da aka sanya hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a 2024. Sau da yawa akan rubuta cewa idan mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba shi da ciwon, ya auri mai AS, ɗaya cikin 'ya'ya huɗu zai zo da SS, wato ciwon sikila. Sai magidanci ya ɗauka tunda ɗan fari ya zo da ciwon, ukun da za su biyo baya sun tsira. Gaskiyar kuwa ita ce kowane ciki zaman kansa yake yi, kuma kowanne yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, ko da na goma ne.

Kada kuma ku manta da 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan har zuwa 2004. A ganina jita-jitar da aka yaɗa a kan rigakafin ta yi tasiri ne saboda ta riga bayanin masana isa majalisu da zaurukan unguwa, kuma da Hausa ta isa.

Saboda haka kafin ka saki rubutu a Facebook ko ka shiga rediyo, karanta wa mahaifiyarka, ka roƙe ta ta faɗa maka abin da ta fahimta. Daga nan ka miƙa wa abokin karatunka ya duba, kada ka rubuta "yana warkarwa" a inda binciken ya tsaya ga gwaji a jikin ɓeraye.