Tsofaffin Littattafan da Injiniyan Manhaja Bai Kamata Ya Raina Ba

Yawancin matasanmu masu rubuta manhaja sun koyi sana'ar ne daga bidiyon YouTube da gajerun darussan intanet, kuma ban ga laifinsu ba, domin sabon salon JavaScript, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, yakan sauya tun kafin a gama buga littafi a kansa. Sai dai wanda ya shekara biyu ko uku a wannan aiki ya kamata ya waiwayi wasu tsofaffin littattafai, saboda abin da zai fi ci masa tuwo a ƙwarya nan gaba shi ne sha'anin mutane da yanke shawara.

Na farko a wurina shi ne The Mythical Man-Month na Fred Brooks, wanda ya fito a 1975 bayan marubucin ya jagoranci aikin OS/360, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kamfanin IBM. Mu mun taso da karin maganar hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma Brooks ya nuna cewa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya riga ya makara yakan ƙara masa jinkiri. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma wanda zai ajiye nasa aikin ya koyar da shi shi ne wanda ya fi kowa sanin tsarin. Ga kuma yawan tuntuɓar juna: mutum biyar hanyoyi 10 ne tsakaninsu, mutum goma kuwa 45. Na ga haka da idona a wani kamfani da na yi wa aiki, inda aka kawo mana mutum uku ana saura mako biyu mu miƙa manhaja. Babban injiniyanmu ya kwana huɗu yana zaune kusa da su yana nuna masu inda kowane fayil yake, nasa allon a kashe, muka ƙare da jinkirin wata guda.

Peopleware na Tom DeMarco da Timothy Lister, na 1987, ya ɗora a kan wannan, inda ya danganta yawancin gazawar ayyuka da zamantakewar ma'aikata da hayaniyar ofis. Ƙarar tarho suke kuka da ita a lokacin, yau kuwa saƙonnin WhatsApp ne. The Pragmatic Programmer na Andrew Hunt da David Thomas, wanda ya fito a 1999 aka sabunta shi a 2019, ya fi karkata ga tarbiyyar mutum shi kaɗai, musamman gyara ƙaramar ɓaraka tun ba ta zama al'ada ba.

Masu cewa littattafan sun tsufa suna da hujja a wasu babuka, shi ya sa bai dace a ɗauke su tamkar hukuncin alƙali ba. Clean Code na Robert Martin, na 2008, ya nace a kan gutsuttsura rubutun manhaja ƙanana-ƙanana, John Ousterhout kuma ya ƙalubalanci hakan a A Philosophy of Software Design, kuma wanda ya karanta su biyun ya fi wanda ya haddace ɗaya iya kare ra'ayinsa a gaban abokan aiki.

Tsada ma uzuri ne na gaskiya, tunda da dala ake sayar da su. Amma kamfanin Google ya sanya littafinsa Site Reliability Engineering na 2016 kyauta a intanet, kuma babinsa kan binciken musabbabin matsala ba tare da ɗora wa kowa laifi ba ana iya karance shi a waya cikin zama ɗaya.