Baƙin allo ba mutuwar kwamfuta ba ne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu Linux a kwamfutar tebur, kuma tana damuna ƙwarai. Da zarar sauti ya ɗauke, ko allo ya yi baƙi ƙirin bayan sabuntawa, sai a ɗauko filash a goge komai a ɗora wani nau'in Linux. Yau Ubuntu, gobe Mint, jibi Fedora. Gudun gara ake yi a faɗa gidan zago, domin duk kanel ɗin Linux ne a ƙarƙashinsu, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa sassan kwamfuta, sai dai bambancin sabo da tsoho. Matsalar da ba ka san sunanta ba za ta biyo ka har can.

A ganina, duk wanda ya ɗora Linux ya kamata tun ranar farko ya san Ctrl+Alt+F3. Sau da yawa idan allo ya yi baƙi kwamfutar tana nan da ranta, ɓangaren hoto ne kawai ya faɗi. Danna maɓallan nan uku, sai allon rubutu zalla ya fito yana neman sunanka da kalmar sirri. Daga nan idan ka rubuta umarnin "journalctl -b -p err" zai jero maka kurakuran wannan kunnawar, "lspci -k" kuma zai faɗa maka direban da ke riƙe da katin hotonka, wato manhajar da ke sarrafa shi. Kwamfutar ta riga ta rubuta abin da ke damunta, karantawa ce ba a yi.

Masu katin Intel da AMD sun fi samun sauƙi, saboda direbobinsu, i915 da amdgpu, a cikin kanel suke zuwa. Masu NVIDIA ne ke shan wuya. Direban kamfanin daban ake ɗora shi, don haka duk lokacin da sabon kanel ya zo sai an samu wanda ya dace da shi, ko DKMS, manhajar da ke gina direba don sabon kanel, ya sake gina shi. Idan ginin ya gaza, ko Secure Boot, tsarin tsaro na lokacin kunna kwamfuta, ya ƙi karɓarsa don ba a sa masa hannu ba, shi ke nan, allo ya yi duhu. Maganin gaggawa yana cikin GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ya tashi: zaɓi tsohon kanel ɗin da ya yi aiki jiya, ko ka danna e ka ƙara nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux. Hoton zai fito da muni, amma ka shiga, kuma gyara ya samu. Gaskiya NVIDIA ta gyara hali tun da ta buɗe lambobin direbanta na kanel a 2022, sai dai tsofaffin katuna ba su ci moriyar wannan ba.

Sauti kuwa hawa-hawa ne. Manhajar ALSA ce a ƙasa tana magana da na'urar, a samanta tsohuwar manhajar rarraba sauti PulseAudio ko sabuwar, PipeWire, wadda Fedora 34 ta koma kanta a 2021, Ubuntu ta bi sahu a fitowarta ta 22.10. Nan ne kwafar umarni ido rufe ke yin ɓarna: mutum ya samo maganin da aka rubuta wa PulseAudio shekaru goma da suka wuce, ya zuba wa kwamfutar da ke kan PipeWire, matsala ɗaya ta koma uku. Alhali da ya buɗe alsamixer, manhajar daidaita ƙarar sauti, wataƙila MM kawai zai gani a ƙarƙashin Master, alamar an kashe murya, ya danna M murya ta dawo. Ko kuma pavucontrol, manhajar da ke nuna inda sauti ke fita, ya nuna masa sautin yana tafiya ta HDMI zuwa allon da ba shi da lasifika.

Roƙona ga 'yan'uwa masu ba da shawara: don Allah ku daina cewa sabon shiga ya goge ya sake ɗorawa. Ku ce ya turo abin da "lspci -k" da journalctl suka nuna, ya faɗi abin da ya sabunta kafin lalacewar, sannan ya canza abu ɗaya ya gwada kafin ya taɓa na biyu.