Nelson jarumi ne, amma ba ƙwazo kaɗai ya ɗaga shi ba

Malam marubuci, ka ce ƙwazo zalla ne ya kai Horatio Nelson matsayin admiral, wato babban kwamanda, a rundunar sojan ruwan Ingila. A nan zan ɗan ja da kai. Mutumin nan yana da uwa a gindin murhu. Kawunsa Maurice Suckling ne ya ɗauke shi a jirginsa a 1771, yana ɗan shekara 12. Da ya zo jarrabawar zama laftanar a 1777, kawun nan yana zaune cikin masu yi masa tambayoyi. Yana shekara 20 ya zama kyaftin. Ɗan talaka sai ya yi furfura bai ji ƙanshin wannan muƙami ba.

Jarumtarsa kam ba na musu. Idonsa na dama ya daina gani a yaƙin tsibirin Korsika a 1794, aka yanke masa hannun dama bayan harin tsibirin Tenerife a 1797, bai ajiye aiki ba. A yaƙin ruwa na Trafalgar, kusa da gaɓar Sifen, ranar 21 ga Oktoban 1805, da jirage 27 ya tunkari 33 na Faransa da Sifen, ya keta layinsu ta tsakiya maimakon ya jeru daura da su yadda aka saba. Ingila ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba. Amma a wannan yaƙi harsashi ya shiga ta kafaɗarsa ya fasa ƙashin baya, ya mutu, aka saka gawar cikin gangar barasa don kada ta ruɓe a hanyar komawa Ingila.

Kuma ka tsallake abin da ya faru a Naples ta ƙasar Italiya a 1799, inda aka rataye Admiral Caracciolo, hafsan sojan ruwan Naples, bisa umarnin Nelson bayan shari'ar gaggawa. Me ya sa?