Kwamfutar Alhaji Ta Kama Tari

Titin Beirut, Kano, bayan la'asar. Alhaji ya shigo shagon mai gyara, yaronsa Tanko na biye da shi rungume da laftof a cikin zanen atamfa. A bayansu kuma ga Mati, wanda ba wanda ya gayyace shi.

ALHAJI: Salamu alaikum. Injiniya, a taimaka, kwamfutar nan ta kama tari.

INJINIYA: Wa alaikumus salam, sannu da zuwa Alhaji. Tari kuma? Tanko, kunna mu ji.

(Aka kunna. Ƙas, ƙas, ƙas.)

INJINIYA: Kashe! Kashe maza! Tun yaushe take wannan kukan?

ALHAJI: Bai daɗe ba, tun kafin azumi.

TANKO: Azumin bara, Alhaji.

ALHAJI: Kai wa ya tambaye ka?

INJINIYA: Ranka ya daɗe, had dis ne.

ALHAJI: Ingantacce ko mai rauni?

INJINIYA: Ba na malamai ba, rumbun ajiyar kwamfuta nake nufi. Amma mai rauni ne ƙwarai, yana ma kan gargara. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 a minti guda, da wani ɗan hannu kamar allurar garmaho yana karantawa. Hannun nan ba ya taɓa faifan, shawagi yake a kansa, kuma silin gashi ya fi tazarar da ke tsakaninsu kauri sau dubbai. Wannan ƙas ɗin, hannun ne ke neman layi ya rasa, ya koma ya sake fitowa. Duk kunnawar da kuka yi, ana iya ƙara kartar faifan.

MATI: Duk dogon turanci ne. Alhaji, kwaɗa mata mari ɗaya a gefe. Haka nake yi wa rediyona.

INJINIYA: Malam, wanda yake kan gargara ake mari?

MATI: To a sa ta a firiza ta kwana, na ji ana yi.

INJINIYA: Ta fito tana zufa, raɓa ta kwanta a kan faifai, shi ke nan sai jana'iza. Alhaji, me ke ciki?

ALHAJI: Me babu? Lissafin bashin shagona na Kantin Kwari, shekara tara. Wanda ya ɗauki shadda, wanda ya ɗauki leshi, da wanda ya ce sai bayan Salla. Ga takardun fili, ga hotunan bikin 'yata.

MATI: Ni da za a ji tawa, a yi mata fomat, a wanke ta tas. Abin da ya wuce ya wuce. Yafiya ma lada ce.

(Tanko ya dubi Mati, ya dubi silin. Mai karatu ma ya riƙe wannan duban.)

INJINIYA: Akwai kwafi a wani wuri?

ALHAJI: Yaro, ka ɗauka jiya na fara kasuwa? Duk Juma'a Tanko yana kwashe komai daga C ya zuba a D.

INJINIYA: Inna lillahi. Alhaji, C da D ɗin nan naka duk a rumbu guda suke, ɗaki ɗaya ne aka raba da labule. In gobara ta tashi, ina ruwanta da labule?

ALHAJI: Kana nufin shekara tara Tanko yana ɗebo kaya daga kan gado yana turawa ƙarƙashin gado?

TANKO: Kuma duk Juma'a ana ba ni na shayi a kan aikin.

ALHAJI: Za mu yi lissafinsa.

INJINIYA: Ƙa'idar ita ce kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya kuma ya kasance nesa da shago. Ka tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari a 2016? Wanda ya ajiye littafi da kwafinsa a rumfa ɗaya, tare suka ƙone.

ALHAJI: Au, ai haka nake yi da kuɗi! Wasu a banki, wasu a katifa, wasu a wurin uwargida.

TANKO: Na wurin Hajiya dai ba a taɓa dawo da su ba.

INJINIYA: Shi ma darasi ne. Ajiyar da ba ka taɓa gwada karɓowa ba, kar ka rantse tana nan. Ka riƙa buɗe kwafin lokaci zuwa lokaci. Yanzu za ka sayi rumbun waje, kwafi ɗaya ya riƙa kwana a gida, ɗaya kuma mu ɗora shi a gajimare.

ALHAJI: Gajimare? Da damina a gaba? So kake asirin kasuwata ya zubo a Wudil?

INJINIYA: Suna ne kawai, ranka ya daɗe. Kwamfutocin kamfani ne a manyan ɗakuna masu sanyi, ta intanet ake aika musu. Google na ba kowa giga 15 kyauta, lissafinka kaf ba zai ci ko ɗaya ba. Hotunan biki ne masu ci. Sai dai ka zaɓi kalmar sirri mai ƙarfi.

ALHAJI: Sa sunan amarya.

TANKO: Shi Hajiya za ta fara gwadawa.

MATI: Injiniya, kawo sukuddireba mu buɗe rumbun mu hure masa ƙura.

INJINIYA: Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta kashe shi. Ba a buɗe shi sai a ɗaki na musamman da ake tace iskarsa, kuma kuɗin wannan aikin na iya fin na sabuwar laftof. Malam, wai me ya sa duk shawararka ta kisa ce?

MATI: Ni taimako na zo yi.

(Injiniya ya zare rumbun a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ya jona shi da tasa kwamfutar.)

INJINIYA: Alhamdu lillahi, ta gan shi. Ba zan tsaya buɗe fayil ɗaya ɗaya ba. Akwai manhaja, ddrescue, za ta kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna zuwa sabon rumbu, sannan ta koma ta lallaɓa masu ciwo. Abin da ya fito rabonka ne, ban yi alkawarin duka ba. Bayan nan a sa maka SSD, wani irin rumbu ne, shi ba abin da ke juyawa a cikinsa.

ALHAJI: Shi ba ya mutuwa ke nan?

INJINIYA: Yana mutuwa, sai dai shi ko tarin ba ya yi.

(Ana cikin haka wuta ta ɗauke.)

MATI: Alhamdu lillahi! Af, wato, inna lillahi.

INJINIYA: Kwantar da hankalinka Malam, kwamfutar tana kan UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Ga shi ma an fara samun wasu. Alhaji, akwai wani fayil nan, "Mati, shadda yadi talatin, ya ce gobe, 2019".

TANKO: Wannan ko bai fito ba ba komai. Yana rubuce a bangon shago, yana wayata, Hajiya kuma ta haddace shi.

INJINIYA: Kwafi uku, wuri daban daban. Alhaji, ashe ka iya.

MATI: Kamar na ji an kira magariba.

ALHAJI: Da saura awa guda. Tanko, ba shi kujera.