Japan ba ta je ceton kowa ba

Tun daren jiya nake ganin wani bidiyo na harin da Japan ta kai Pearl Harbor, tashar jiragen yaƙin Amurka a Hawaii, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana yawo, an ɗora masa kiɗa, an rubuta a ƙasa wai ranar da Japan ta rama wa duk wanda Turawa suka taka. Na so in wuce abina. Da safe sai na tarar har mutanen da nake ganin girmansu suna tura shi, wani ma ya rubuta cewa da Japan ce ta ci yaƙin nan, da mu ma mun huta da mulkin mallaka tun tuni. Wannan maganar ce ta hana ni yin shiru.

Jama'a, Japan ba ta je ceton kowa ba. Mai ta je nema, da roba, da kuza, da shinkafa, da ƙartin da za su yi mata aikin tilas.

Kafin a zo ga Pearl Harbor ma, ku tambayi kanku me Japan take yi a Taiwan tun 1895, me take yi a Koriya tun 1910. Wane Bature ta kora daga Koriya? A 1931 ta mamaye Manchuria, arewa maso gabashin Sin, ta ɗora Puyi, sarkin Sin na ƙarshe, a kan gadon da ba shi da ikon ko ƙwayar zarra, ta ce ga sabuwar ƙasa. A Disamban 1937 sojojinta suka shiga Nanjing suka shafe makonni suna kisa da fyaɗe, kuma waɗanda aka kashe ɗin Sinawa ne, 'yan Asiya irinsu. Duk wannan ya faru kafin bam ko ɗaya ya faɗa kan jirgin Amurka a Hawaii.

Shi kansa harin da kuke ta yabo, me ya kawo shi? Yaƙin Sin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, yana shan mai, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na man da Japan ke amfani da shi daga Amurka yake zuwa. Da ta tura sojoji kudancin Indochina, wato yankin Biyetnam da maƙwabtanta da ke hannun Faransa, a Yulin 1941, Amurka ta rufe mata kuɗaɗenta, ta kuma yanke mai. Shugabannin Japan suka duba suka ga rijiyoyin mai a Sumatra da Borneo, a hannun Holan, ga roba da kuza a Malaya, a hannun Ingila. Abin da zai iya tare musu hanya shi ne rundunar ruwan Amurka da ke Hawaii. Shi ya sa ranar Lahadi 7 ga Disamba 1941 manyan jiragen ruwa shida masu ɗaukar jiragen sama suka saki jirage kusan 350, rukuni biyu, suka kashe Amurkawa 2,403. Kusan lokaci guda wasu sojojin suna sauka a Kota Bharu a Malaya. Share hanyar zuwa rijiyar mai aka yi. Ina ceto a nan?

Masu cewa dabara ce ta gwanaye kuma, ban yarda ba. Jiragen Amurka masu ɗaukar jiragen sama ba sa tashar a ranar, ko ɗaya ba a taɓa ba. Tankunan mai da wuraren gyaran jirage suna nan lafiya lau. Yawancin manyan jiragen da aka lalata an gyara su sun koma fagen daga. Yamamoto, wanda ya tsara harin, ya zauna a Amurka, ya ga masana'antunta da idonsa, kuma shi da kansa ya gaya wa gwamnatinsa cewa zai iya cin karensa babu babbaka na wata shida ko shekara guda, bayan nan ba shi da tabbas. Wata shida cif, a Yunin 1942 a yaƙin teku na Midway, Japan ta rasa huɗu daga cikin jiragen nan shida. Man da aka shiga yaƙi dominsa ma, jiragen ƙarƙashin teku na Amurka suka dinga nutsar da tankokin da ke ɗauke da shi, kaɗan ke isa gida. Amma wannan duk lissafin masu kaki ne, ba shi ya fi damuna ba. Mutanen da aka ce an je ceta su ne damuwata.

Ranar 15 ga Fabrairu 1942 Singafo ta faɗi, sojojin da ke ƙarƙashin Ingila kusan 80,000 suka miƙa wuya ga Janar Yamashita. Na yarda, ranar ta zubar da kwarjinin Bature a idon duniya, kuma ban ji wa daular Ingila tausayi ba. To bayan nan fa? Cikin kwanaki aka fara tara Sinawan birnin ana tantance su, ana kwasar maza a manyan motoci ana kai su bakin teku ana harbewa, dubbai. Haka mai ceto yake yi?

Suka shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 415 tsakanin Tailan da Burma, ta cikin kurmi, don su kai wa sojojinsu kaya. Kowa ya ji labarin fursunonin yaƙi Turawa sama da 12,000 da suka mutu a wurin. Leburori 'yan Asiya da suka mutu, Tamil da Malay da mutanen Burma da na Java, sun ninka haka sau da yawa, kuma yawancinsu ko sunansu ba a rubuta ba. A Java an kwashi manoma an tura su aikin tilas a ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba, da dama ba su sake ganin gida ba. A arewacin Biyetnam an tilasta wa manoma noma abin da soja ke so, aka ƙwace shinkafa, yunwar 1944 zuwa 1945 ta kashe mutane dubun dubata. An kwashi mata daga Koriya da Sin da Filifin da Indunusiya aka tsare su a gidajen da sojoji ke zuwa biyan buƙatarsu. A kusa da birnin Harbin a Manchuria akwai runduna ta 731 da ke gwajin ƙwayoyin cuta a jikin mutane masu rai. A Manila, babban birnin Filifin, Fabrairun 1945, farar hula kusan 100,000 suka halaka, wasu a ruwan wuta, wasu da dama sojojin Japan ne suka yi musu kisan gilla a gidaje da asibitoci.

Ga wanda ya fi yi min ciwo, kuma shi nake so masu tura bidiyon nan su ji. A Indunusiya, ƙasar Musulmi, an wajabta wa mutane su fuskanci Tokyo su sunkuya wa sarkin Japan, sunkuyon da ya yi kama da ruku'u. Malamai suka ce wannan ba zai yiwu ba. Sheikh Hasyim Asy'ari, wanda ya kafa babbar ƙungiyar Musulunci ta Nahdlatul Ulama, dattijo mai shekara sama da 70, an tsare shi a 1942. Malam Zainal Mustafa na Singaparna ya ƙi, ya yi musu tawaye da almajiransa a 1944, suka kama shi suka kashe. A yammacin Borneo suka tattara sarakuna da masu ilmi da 'yan kasuwa suka kashe, har da Sarkin Pontianak. Kai da kake rubuta da Japan ta ci yaƙi da mun huta, ɗan uwana, waɗannan su ne suka ɗanɗani hutun da kake mana fata.

Na san abin da za a rubuto min. To Hiroshima fa, to Nagasaki fa, da Amurka ta jefa wa bam ɗin nukiliya? Zalunci ne babba ƙona fararen hula, tsofaffi da jarirai, kuma ban taɓa wanke Amurka ba, ku duba rubuce-rubucena na baya. Sai dai bam ɗin Agustan 1945 ba zai koma baya ya wanke Nanjing ta 1937 ba. Wani zai ce ai Turawa ma sun yi. Sun yi mana, mu ne shaida. Laifin Bature ba ya mayar da wanda ya ƙwace masa kujera ya zauna waliyyi, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Wani kuma zai ce ai bayan yaƙin ƙasashen suka sami 'yanci. Su suka ƙwaci abinsu. Sukarno ya ayyana 'yancin Indunusiya ranar 17 ga Agusta 1945, kwana biyu bayan Japan ta sanar da miƙa wuya, sannan suka gwabza da Holan har 1949. Aung San na Burma, wanda Japan ta horar ta kuma ba makamai, da ya ga irin 'yancin da suka kawo, a Maris 1945 ya juya bindigoginsa kansu. Shi da ya zauna da su ya gane, sai mu da muke kallon bidiyon minti ɗaya a waya?

Na fahimci inda abin yake fitowa, wallahi na fahimta. Mutum ya gaji da ganin manyan ƙasashe suna yin yadda suka ga dama, duk wanda ya mari ɗayansu sai zuciya ta yi sanyi. Ni ma ina jin haka. Amma kafin ka yi wa mutum tafi, ka duba wuyan wa yake takawa da ɗaya ƙafar.

Wani abin takaicin ma, kakanninmu suna cikin wannan yaƙin. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewa, har Hausa ce yaren da ake magana da shi a bataliyoyin Najeriya, sun fafata da sojojin Japan a kurmin Burma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Wasu bataliyoyin Najeriya suna cikin dakarun Ingila na musamman da ake kira Chindit, waɗanda aka jefa bayan layin abokan gaba a 1944. Yaƙin wasu aka kai su, a ƙarƙashin tutar wanda yake mulkar su, suna ɗaukar kaya a ka cikin ruwan sama da matsattsaku da zazzaɓi, aka dawo da su da abin da bai taka kara ya karya ba.

Duk wanda ke Kaduna yana wucewa ta barikin Dalet da na Kalapanzin, na Zariya ya san barikin Chindit, a Legas ga Dodan da Arakan da Myohaung, a Ibadan ga Letmauk. Duk daga yaƙin Burma sunayen suka fito. Akwai wani tsohon soja a unguwarmu lokacin muna yara, yana zama a kan tabarma ƙofar gida da lambobinsa a cikin gwangwani, idan ya fara labarin Burma sai mu watse mu tafi ƙwallo. Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, kuma ban san wanda ya ɗauki muryarsa ko a kaset ɗaya ba.