Riƙon karya mai haihuwa: gida na ɗawainiya, mai kiwo na yanke hukunci

A Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai akwai wata yarjejeniya da ta yaɗu tsakanin masu sana'ar kiwon karnuka da iyalai. Mai kiwo zai zaɓi 'yar kwikwiyo mace, wadda ta fi kyau cikin 'yan'uwanta, ya ba wani gida riƙo, kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Gidan ne zai ciyar da ita, ya horar da ita, yara su shaƙu da ita. Amma a takarda ta mai kiwon ce. Idan lokacin barbara ya yi, a kai masa ita. Cikin karya kusan kwana 63 ne, kuma galibi kafin ta haihu za ta koma hannunsa, ta zauna makonni tana shayarwa. 'Ya'yan duka nasa ne, shi zai sayar. Sai ta cika adadin haihuwar da aka rubuta sannan a cire mata mahaifa, ta zama ta mariƙanta.

Duk wanda ya tashi a ƙauye zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, mu ma muna ba da kiwo. Gaskiya ne, amma a duba da kyau. A al'adar habbanaye ta Fulani, wadda ta shahara a Nijar, mai dukiya yakan ba wanda ba shi da ita aron saniya, ta haihu a hannunsa, 'yan maruƙan su zama nasa, daga baya ya mayar da uwar. Wanda ya sha wahalar kiwo shi ke cin riba, domin manufar ita ce a tsayar da shi da ƙafafunsa. A riƙon karya an juya abin: riba na tafiya wurin mai dukiya, mariƙi kuwa ladansa ita ce uwar bayan an gama cin moriyar mahaifarta.

Ba na cikin masu cewa tsarin duk mugunta ne. Wanda ya san yadda gidajen da ake tara karnuka don haihuwa kawai suke, ba zai raina shi ba. A can karya takan ƙare rayuwarta a keji, ba yawo, ba wanda ke shafa kanta, haihuwa kan haihuwa har jiki ya gaza. Irin wannan wuri ne aka ceto wata karya mai suna Lucy daga cikinsa a yankin Wales a 2013, kuma da sunanta ake kiran dokar da ta fara aiki a Ingila a watan Afrilun 2020, wadda ta hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Idan aka ajiye keji a gefe guda, aka ajiye gida mai yara da fili a ɗaya gefen, babu mai tausayi da zai zaɓa wa dabba keji.

Inda nake da ja shi ne wurin iko. Mutanen da ke kwana da karyar, waɗanda suka san ranar da ta ƙi abinci da ranar da ta rame, ba su da ta cewa a kan jikinta. Wanda ke da ta cewa kuma yakan gan ta ne lokacin da ake bukatar cikinta. Haihuwa ba wasa ba ce ga karya. Akwai naƙuda mai tsanani da ke kai wa ga tiyata, akwai kumburin nono, akwai ruɓar mahaifa da ke kama wadda ba a cire wa mahaifa ba, ciwon da kan kashe idan aka yi jinkiri. A ce ta sha wahala a haihuwa ta biyu, uwargida ta ce ya isa haka, mai kiwo ya ce saura biyu a takarda. Maganar wa za a bi? A yarjejeniyoyi da yawa amsar a fili take, kuma akan sa tara mai nauyi a kan gidan da ya cire mata mahaifa ba izini. Wasu ma sukan hana iyalin ƙaura zuwa gari mai nisa. Mutum ya sa hannu lokacin da yake kallon kwikwiyo mai ban sha'awa, bai san shekaru huɗu ko biyar na rayuwarsa ya jingina ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Girman fili da ƙarfin mutum su ne ke taƙaita yawan karnukan da mai kiwo zai iya riƙewa. Riƙo ya cire wannan shinge. Mutum ɗaya zai iya rarraba karnuka da dama a gidajen jama'a, wasu na biyan abinci, shi yana karɓar 'ya'ya. Ba mamaki tsarin ya fi karɓuwa wurin masu kiwon karnukan yayi irin su Labradoodle, waɗanda ake rububinsu. Wally Conron, wanda ya haɗa wannan iri a Ostiraliya a 1989 don samar da karen jagora ga makafi, daga baya ya fito ya ce ya yi nadama, saboda yadda masu neman kuɗi suka shiga harkar ba tare da kula da lafiyar dabbobin ba.

Dokoki sun ɗan taimaka. Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya, mai rajistar karnuka masu asali, ba ta rajistar 'ya'yan karya fiye da haihuwa huɗu, haka nan idan an riga an yi mata tiyatar haihuwa sau biyu. Sai dai karnukan da aka gauraya irinsu, kamar Labradoodle, ba sa shiga wannan rajista tun farko, don haka ƙa'idar ba ta kai gare su. Dokar Ingila ta 2018 ta wajabta lasisi ga mai samun haihuwa uku ko fiye a shekara, ta kuma hana mai lasisi sa karya ta haihu fiye da sau ɗaya cikin wata 12. Wannan ya yi kyau, amma aikin jami'in bincike ya fi wuya idan karnukan na warwatse a gidaje goma.

Ana iya yin riƙo da adalci, kuma akwai masu yi. Ƙungiyar Guide Dogs, mai horar da karnukan jagora ga makafi a Birtaniya, tana ajiye iyayen karnukanta a gidajen 'yan sa-kai. Ita ke biyan abinci da kuɗin likitan dabbobi, kuma yawanci karyar takan haihu a gidan da ta saba, gaban mutanen da ta sani. Wannan na ƙarshe ya fi komai burge ni, domin ɗauke dabba mai tsohon ciki zuwa baƙon wuri wahala ce da za a iya kauce mata.

Sana'ar kiwon karnukan gadi irin su Boerboel da Rottweiler tana nan a manyan biranen Najeriya, kuma mu mutane ne masu ƙulla magana da baki, mu ce ai akwai amana. Wanda aka yi wa irin wannan tayi, a nan ko a waje, kada ya ji kunyar neman takarda. A rubuta yawan haihuwa da shekarun da za a daina, a rubuta wanda zai biya idan aka kwasa zuwa asibiti da tsakar dare, da ranar da mallaka za ta koma hannunsa. Sannan a sa sharaɗin cewa idan likitan dabbobi, wanda ba na mai kiwon ba, ya ce jikinta ba zai ɗauki wani ciki ba, yarjejeniyar ta ƙare a ranar, karyar ta zauna a gidan da ya rene ta ba tare da an biya ko kwabo ba.